Firisila Dantong, Nas ɗin da Ta Dawo da Ƙafarta

Ƙarfe shida da rabi na safe, in kana tsaye a bakin shagona da ke Kwango-Rasha, za ka hango wata siririyar mace tana gangarowa daga wajen Angwan Rukuba. Farar riga a ƙarƙashin suwaita, baƙar jaka a kafaɗa, lema a hammata ko da gari ya waye garau, don ta san halin saman Jos. Ba ta gudu, ba ta kuma tsayawa hira, gaisuwarta a tafe take yin ta. Gida huɗu take shiga a layinmu da na bayanmu kafin takwas ta buga. Nan ta yi allura, can ta wanke gyambo, gaba ta juya wani tsoho da ya shekara uku a kwance don kada bayansa ya salɓe. Daga nan ta nufi Taminus ta hau bas zuwa Bukuru, inda wasu ke jiranta. Da la'asar ta sake biyo sawunta. Ran Lahadi ma sai ta gama zagayen nan sannan ta wuce coci, ta tarar an yi nisa da waƙa.

Sunanta Firisila Dantong. Nas ce, amma ba irin wadda ke zaune a asibiti marar lafiya ya zo ya same ta ba. Ita ce ke bin marasa lafiya gida-gida, waɗanda aka sallama alhali jikin bai gama sallamarsu ba.

Ni kuwa Sharafaddeen sunana, tela ne, kuma duk layinmu an san ni da saurin fushi, ba sai wani ya faɗa muku ba. Firisila ba ritaya ta yi ba, ba kuma mutuwa ta yi ba, bana dai shekararta biyar tana wannan tafiya. Na gaji ne da halinmu na sai an binne mutum sannan a tuna mutumin kirki ne. Ina so ta ji nata da kunnenta. Akwai kuma wata magana da ta tokare ni, za mu zo kanta.

A shekarar 2004 ta fito daga makarantar koyon jinya. Ta zaga asibitocin gwamnati da takardunta har suka yi laushi, ko'ina amsar ɗaya ce, babu gurbi. Sai wani likita mai ƙaramin asibiti a Bukuru, Dokta Onyebuchi, ya ce yana da aiki amma ba na cikin ɗaki ba ne. Yana da tsofaffi da ya sallama, a gida babu mai iya yi musu allura ko wankin ciwo. Manyan nas ɗinsa duk sun ce a kai kasuwa. Ni ban ga laifinsu ba. Wanda ya zauna a Jos a lokacin ya san me ake nufi da shiga gidan da ba na naka ba. Tun rikicin 2001 mutumin Angwan Rukuba ba ya ratsa layinmu da sakin jiki, mu ma ba ma ratsa nasu, alhali jifa biyu ne tsakaninmu. A shekarar kuma jihar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, ga jita-jitar allura ta cika gari, kowa na cewa kada ka yarda baƙo ya soka wa naka komai. Taya ta fashe a Taminus, sai ka ga ana rufe shaguna har Bukuru.

Cikin wannan hali yarinya mai shekara ashirin da uku ta ce za ta yi. Mahaifiyarta ta yi kuka, ta ce gara ta zauna ta taya ta sayar da tumatir. Firisila ta ce ba don tumatir ta yi shekara uku tana karatu ba. Ta taɓa gaya wa ƙanwata Hassana cewa ranar da ta fara shiga gidan marar lafiya ita kaɗai, wani abu ya shige mata duhu, ta waiwaya za ta tambayi sista, wato babbar nas, kamar yadda ta saba a makaranta. Ba kowa a bayanta sai bango da wata mage.

Mu kuma abin da ya haɗa mu da ita ciwon mahaifiyarmu ne. Inna ta haura saba'in, ciwon suga ya kayar da ita, ta yi sati biyu a wajen Dokta Onyebuchi. Da za a sallame ta ya ce daga yau sai allurar insulin safe da yamma. Idon Inna ya yi rauni, Hassana ko jinin kaza ba ta iya kallo, ni kuma allurar da na sani ta yadi ce. Ya ce zai turo mana nas. Ya kuma kalli Inna ya ce, “Mama, ba azumi. Ko na kwana ɗaya. In aka yi allurar nan ba a ci abinci ba, mutuwa ce.”

Inna ta ce, “To.”

Wanda ya san Inna ya san “to” ɗinta iri biyu ce, akwai ta yarda, akwai ta ka gama maganarka ka tafi. Mu 'ya'yanta ya kamata mu gane wacce ce. Ba mu gane ba.

Da Firisila ta yi sallama a zaurenmu ranar farko na kalle ta sama da ƙasa, raina ya ɓaci. Na ce, “Ke ce nas ɗin? Shekara nawa kina aiki?”

Ta ce, “Wata biyu, Yaya.”

Ko ɗan ƙari ba ta yi ba. Na shiga wajen Inna ina huci, na ce an raina mana hankali, an turo mana 'yar koyo, kuma 'yar Angwan Rukuba. Inna ta ce, “Kai ranar da ka fara ɗinki ba wandon liman ka mayar buje ba? Ce mata ta shigo.”

Kwana goma lafiya lau. Hannunta ba nauyi, tana zuwa kan lokaci, Inna har ta fara ajiye mata gyaɗa.

Sai watan Rajab ya kama, wanda muke kira watan azumin tsofaffi. Ba farilla ba ne, amma Inna ta shekara talatin ba ta bari ya wuce ta ba. Ni da Hassana da kalandar Bature muke ƙirga kwana, wallahi ba mu ma san watan ya tsaya ba. Firisila kuwa ba ta taɓa jin akwai wani azumi a wajen Musulmi ban da na Ramadan ba.

Wata Talata ce cikin Agusta, an kwana ana yayyafi. Firisila ta shigo ƙarfe bakwai saura, ta ga Hassana ta ajiye kwanon koko da ƙosai a gefen gado. A asibitin da ta koyi aiki, nas tana yin allura abinci yana biyo baya, akwai masu kawowa, akwai masu tsayawa a ci. Ba a taɓa koya mata tsayawa kallon bakin mutum ba. Ta ga kwano, ta ga tururi, ta yi allurarta, ta ce, “Inna, a sha da zafinsa.”

Inna ta ce, “To 'yata, Allah ya yi albarka.”

Firisila ta fita. Hassana ta tafi wanki. Inna ta rufe kwano da faifai, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ɗauki carbinta.

Wajen tara da 'yan mintuna ina kan keken ɗinki na ji ihun Hassana. Irin ihun da ba ka tambayar na mene ne. Na tarar da Inna ta zame daga matashi, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf a wannan sanyin, hannunta kamar an tsoma a randa. Ido ya kafe, haƙora sun datse, numfashi yana fita da gurnani. Na kira ta, na jijjiga ta, ba ta san ina yi ba. Na aika a nemo tasi. Kafin ka ce kwabo matan maƙwabta sun cika ɗakin, wata na tofi, wata na cewa a laƙƙana mata kalmar shahada.

Wata ta ce, “Ikon Allah! Da safen nan fa na jiyo muryarta.”

Wata ta ce, “Me ta ci? Me ta sha?”

Hassana cikin kuka ta ce, “Kokonta ne kawai, sai allurar da yarinyar nan ta yi mata.”

Maganar nan ba ta kwana a ɗakin ba, ko minti biyar ba ta yi ba ta fita waje. Da ta isa bakin layi ta riga ta zama wata 'yar Angwan Rukuba ta yi wa Inna allurar guba ta gudu. Ƙofar gidanmu ta cika da maza. Na jiyo muryar Ashraf mai faci, wanda wansa ya fita a rikicin 2001 har yau ba a ga ko takalminsa ba, yana cewa ya san gidan su yarinyar, ya san hanyar baya. Ni kuma, ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata tana tare da shi.

A daidai lokacin Firisila tana cikin bas, sun kusa Dadin Kowa a hanyar Bukuru. Wannan ɓangaren daga bakinta Hassana ta ji. Ta sayi gasasshiyar masara, ta karya ta miƙa wa wata tsohuwa da ke gefenta. Tsohuwar ta ce, “A'a 'yata, ina azumi.”

Firisila ta ce, “Mama, ai azumi bai zo ba.”

Tsohuwar ta yi dariya ta ce, “Naku na yara bai zo ba. Namu na tsofaffi yau ya kama. Duk tsohuwar da ke tunanin kabarinta, yau bakinta a rufe yake.”

Firisila ta ce masarar faɗuwa ta yi daga hannunta. Ta tuna Inna ko kallon kwanon ba ta yi ba. Ta buga jikin motar tana cewa direba ya tsaya, kwandasta yana zaginta, ta dira a cikin ruwa ta tsare ɗan acaɓa.

Firisila, a nan nake so in dube ki. Ke 'yar Jos ce, kin san abin da za ki tarar. Kin san in tsohuwar nan ta cika, babu wanda zai tsaya jin bayanin suga a bakinki. Bukuru tana gabanki, da kin wuce kin gaya wa likita ya zo da motarsa, babu mai hankalin da zai zarge ki. Amma kin auna zuwa da dawowa, kin ga Inna ba ta da wannan lokacin. Ba ki da waya, ba ki da mai rakiya, ba ki da shekarun aiki da za ki jingina da su. Ke ce kika juyo da ƙafarki kika nufi inda ake neman ki.

Ɗan acaɓan da ya hango taro a bakin layi ya ce nan ya tsaya, ko taku ɗaya ba zai ƙara ba. Ta sauka ta taho a ƙasa, farar rigarta duk taɓo. Wani ya ce, “Ga ta nan!” Amma ko ɗaya bai tare ta ba. Ina jin mamaki ne ya ɗaure su, don babu wanda ya zaci wanda ya yi kisa zai dawo. Ta ratsa tsakiyarsu kanta a ƙasa, ta shigo zaure. Ina tsaye a wajen. Tana wucewa na tura ƙofa na danna sakata.

Kada wani ya yi mini kyakkyawan zato. Ba don in kare ta daga mutanen waje na rufe ba. Na rufe ne don kada ta fita.

Ta durƙusa gaban Inna, ta taɓa goshinta, ta ɗaga fatar idonta, ta juyo wajen Hassana. “Ta ci abincin?”

“Na kawo mata.”

“Ban ce kin kawo ba. Ta ci?”

Firisila ta leƙa ƙarƙashin gado ta jawo kwanon ta buɗe. Koko ya daskare, ƙosai biyar suna nan yadda aka zuba su.

Ta ce, “Azumi take yi. Sugan jikinta ne ya faɗi. A ba ni zuma, maza!”

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, ƙawar Inna ce tun suna amare, ta ce, “Ke yarinya, mai azumi za ki sa wa zuma a baki? In lokacinta ne ku bar ta ta cika da azuminta. Wace mutuwa ta fi wannan?” Wasu matan suka ce ƙwarai kuwa.

Firisila ta ce, “Mama, ba lokacinta ba ne, yunwa ce.” Hassana ta kawo zumar. Firisila ta karkata kan Inna, ta lakata da yatsa ta dinga goga mata a cikin kunci. Muka jira. Babu abin da ya canza, sai ma gurnanin da ya ƙara nisa tsakaninsa. A waje an fara dukan ƙofa.

Sai ta buɗe jaka ta fito da wata kwalba da wani ƙaton sirinji, ya ninka na safe sau nawa. Idona ya rufe. Ban san lokacin da na damƙi wuyan hannunta na murɗe ba, har na ji wani abu ya yi ƙara. Na ce, “Wallahi ba za ki ƙara soka mata komai ba! Ta farko ba ta ishe ki ba?”

Ba ta yi ihu ba. Hawaye ne kawai suka zubo. Ta ce, “Yaya Sharafa, gaskiyarka. Allurar safe ni na yi, kuma ita ta kwantar da Inna. Laifina ne, ban tsaya na ga ta ci ba.”

A gaban mata sun fi goma, da maza a waje suna jiran kalma ɗaya, ta ɗauki laifin ta aza a kanta, alhali ga kwanon shaida a gabanta, da ta so sai ta nuna shi ta wanke kanta.

Ta ce, “Wannan ruwan suga ne, ta jijiya zai shiga. Na ji ka sa sakata. In na yi bai tashe ta ba, ina hannunku, ba inda zan je. Amma in ka riƙe ni minti goma, ba za ta tashi ba.”

Hassana ce ta kama rigata ta baya ta fizga. “Yaya, sake ta! Ba kai kaɗai ta haifa ba!”

Na sake ta. Hannun har ya fara kumbura.

Ta laluba jaka ba ta ga robar ɗaure hannu ba, sai ta fizgi tef ɗin awo da ke wuyana ta ɗaure damtsen Inna da shi. Jijiyar tsohuwa a sanyi, duk sun gudu. Ta soka ta farko, babu. Wata mata ta ce innalillahi. Ta soka ta biyu, babu, wajen ya yi kore. Ashraf yana kiran sunana daga waje, yana cewa in buɗe ko su ɓalle. Daga baya muka ji cewa duk zamanta a makaranta sau uku kacal ta taɓa samun jijiyar tsoho, kuma duk ukun da sista a tsaye a kanta. Ta ce a ba ta tsumma da ruwan zafi. Ta naɗe hannun Inna, ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Ita tana nata roƙon, mu muna namu. Ta warware tsumman, ta shafa da yatsa, ta shafa, ta soka ta uku da wannan hannun da na murɗe.

Jini ya hau cikin sirinji. Ta kwance tef, ta fara turawa a hankali, a hankali, har na ji kamar in karɓa in danna. Ta gama ta zare, ta danne da auduga, ta zauna dirshan a ƙasa. Babu sauran abin da za ta yi. Ni ban taɓa jin tsoro irin na wannan jiran ba, kuma ban san wa nake ji wa ba, uwata ko abin da zan aikata in ba ta tashi ba.

Inna ta ja wani dogon numfashi. Fatar idonta ta motsa. Ta tauna bakinta, ta yamutsa fuska, ta buɗe ido ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, “Wane marar mutuncin ne ya sa mini zuma a baki? Kun karya mini azumi.”

Hassana ta faɗi a kanta tana kuka tana dariya. Ni kuwa na jingina da bango. Firisila ko murmushi ba ta yi ba, ta ce a ɗumama kokon nan yanzu, ta tsaya a kan Inna har ta ga ƙasan kwano.

Saura na waje. Na zare sakata na ce musu Inna ta farfaɗo, suga ne ya faɗi. Ashraf ya ce, “Mu gani a ƙasa.” Ba wanda ya motsa. Tasin da aka nemo ya iso amma taɓo ya hana shi shigowa, yana can bakin layi, kuma Firisila ta ce dole likita ya duba Inna yau. Na ce zan goya ta. Inna ta tambayi hayaniyar me take ji, aka gaya mata. Ta ce a ba ta mayafinta. Tun dawowarta daga asibiti ba ta taka zaure ba. Ta ƙi hannuna, ta ƙi na Hassana, ta rataya a kafaɗar Firisila, suka fito.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta ce, “Ni na ɓoye azumi, na yaudari yarinyar mutane. Mai neman mai laifi ga ni. Ku ba mu hanya.”

Aka ba su. Taku ɗaya, hutu ɗaya, har bakin layi. Ashraf ya juya ya koma wajen facinsa. Har yau ba ya amsa gaisuwar Firisila da baki, sai dai ya ɗaga kai, ita kuma ba ta fasa gaishe shi ba.

A Bukuru Inna ta so ta rufa mata asiri, ta ce wa likita ita ce ta yi gardama. Firisila ta ce a'a, ta faɗi komai yadda ya faru. Dokta Onyebuchi ya yi mata faɗan da har ni da nake waje na ji kunya. Da ya huce ya ɗaure mata hannu da bandeji, bai tambayi abin da ya same shi ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya ce daga gobe ta dawo cikin asibiti da aiki, yawon gidaje ya isa haka. Ta ce, “Oga, to wa zai yi wa Inna ta safe?”

Washegari ta yi sallama a zaurenmu da bandejinta. Ni ina shago, na sunkuyar da kai kamar zare ya harɗe mini.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ta yi da kuskuren. Ta sa Hassana ta raka ta wajen limaminmu ta tambaye shi hukuncin marar lafiya da azumi. Liman ya zo da kansa ya zauna da Inna, ya ce Allah ba ya son azumin da zai halaka mai shi, ta ciyar, ladanta yana nan. Inna ta yi ta musu har ya sha ruwa sau biyu, daga ƙarshe ta ce “to”, kuma wannan karon ta gaske ce. Firisila ta nemi kalandar Musulunci ta sa a jaka. Yau ta fi ni sanin ranar Arfa da Ashura da Sitta Shawwal. Ta gano abin ba namu kaɗai ba ne, akwai wata Madam Ulonma a Bukuru da ke ɓoye azumin kwana uku na cocinsu, ita ma ta kama ta. Ta kuma kafa doka, ba ta barin gida bayan allura sai ta ga abinci ya wuce maƙogwaro, ko da kai Alhaji ne, ko da kai Fasto ne. Shi ya sa tsofaffin layinmu ke kiranta Sai-na-ga-loma. Suna mita, suna ci.

Ku tambayi iyalin Baba Badung, tsohon lebura a ramin kuza, wanda gyambon bayansa ya kori kowa daga ɗaki. Wata biyar tana wanke shi har ya rufe. Ku tambayi Hassana, wadda Firisila ta tilasta wa koyon allura a jikin lemo, tana kuka tana sokawa. Mun ɗauka neman sauƙi take yi. Sai da rikicin ƙarshen 2008 ya rufe hanya kwana da kwanaki, tsuntsu ma bai ratsa tsakaninmu da Angwan Rukuba ba, muka gane. Inna ba ta rasa allura ko sau ɗaya ba. Yanzu sababbin nas biyu ke bin ta suna koyo, kuma an ce darasin farko da take ba su labarin kwanon da ke ƙarƙashin gadon Inna ne, da sunanta a ciki, ba ta cewa wata ce.

Inna ta ƙara shekara huɗu da rabi a duniya. Ta ga auren Hassana, ta goya ɗanta. Farkon bana ta rasu a kan gadonta, tsufa ne kawai. Firisila ta yafa gyale ta zauna cikin mata kwana uku ana karɓar gaisuwa, masu zuwa daga nesa suna tambaya ko 'yar riƙon marigayiya ce.

Ku 'yan makarantar jinya da kuka fito kuna jin ba ku iya komai ba, ku dubi wannan baiwar Allah. Ita ma ba ta iya ba. Ta yi kuskuren da ya kusa cin rai, amma ba ta gudu ta bar shi ba, ba ta kuma shafa wa wani ba. Mu kuma masu gida, in nas ta shigo muku ku gaya mata abin da ba a koya mata a aji ba: wane ne ke azumi a ɓoye, wane ne ke zubar da magani a bayan gado, wace “to” ce ta gaske. Kada ku bar ta ta gano a cikin bas.

Firisila, na gode. Hassana ta gode, layinmu ya gode. Allah ya tsare ƙafarki a duk zauren da za ki shiga, ya ba ki masu tsaya miki ranar da naki ƙarfin ya ƙare.

Saura maganar da na ce ta tokare ni. Shekara biyar kina gaishe ni ina amsawa. Fararen riguna bakwai na ɗinka miki, kowacce ina fatan za ki gane abin da nake nufi ba sai na faɗa ba. Wannan ragwanci ne, na sani. Har yau in sanyi ya yi yawa ina ganin kina murza wuyan hannun nan, kuma ba ki taɓa gaya wa kowa wanda ya yi miki ba. To yau na gaya musu da kaina. Ni na sa sakatar, ni na murɗe hannun da ya tashi uwata. Don girman Allah, ki yafe mini.